Tun Ran Gini: Tarihin Wutar Kwal Daga Anu Araren Zuwa Salkadamna

Idan kana cikin waɗanda suka saurari shirinmu na daren Laraba, ka ji yadda layin waya ya cika a kan maganar tashar wutar lantarki da ake son ginawa a Salkadamna, cikin jahar Tawa. Idan kuma kana daji da dabbobi, ko kana kan hanyar kasuwa shirin ya wuce ka, to ga shi mun tattara maka a takarda, haɗe da tarihin da lokaci bai bari mun kai ƙarshensa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Kira biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko wani Alhaji ne mai sana'ar ƙanƙara a wata kasuwar kan iyaka. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce: "Ɗana, ku daina ja mana rai da tambayoyi. In ma dutse za a ƙona, a ƙona, mu dai a ba mu wuta." Bai daɗe da ajiye waya ba sai wani arɗo ya kira daga arewacin Tawa, muryarsa tana yankewa saboda ƙarancin rezo. Ya ce: "Yaro, tambayata ɗaya ce. Injin nan da kuke faɗa, yana shan ruwa ko ba ya sha? In yana sha, a wace mashaya?" Na ce masa: "Baffa, ku ba ni mako guda in bincika." Wannan takarda cikon alkawarin nan ce. Alhaji ma yana da rabonsa a ciki, domin shi ma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ya faɗa.

Wutar da ta tsallako iyaka

Kafin mu isa Salkadamna, sai mu fara sanin abin da ya sa ake nemanta. A shekarar 1968 abubuwa biyu suka faru waɗanda har yau muna cikin inuwarsu. A Nijar aka kafa kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC. A Najeriya kuma aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, kogin nan da ke ratsa Yamai da Gaya kafin ya shiga Najeriya. Ruwan madatsar ya shanye tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da dubu 40 daga gidajensu da fadamunsu, aka kai su sababbin matsugunai. Ka riƙe wannan a ranka: tun ranar farko, wutar da muke kunnawa a birni akwai waɗanda suka biya kuɗinta da ƙasar kakanninsu.

A 1976 aka ja layin wuta daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Daga baya, a shekarun 1990, wani layin ya taso daga Katsina, ya shigo ta Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Wutar da ruwa ke bayarwa tana da arha, saboda haka Nijar ta jima tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya. Ana yawan cewa Najeriya ta yarda da wannan ciniki ne don kada a datse kogin daga sama, ruwan Kainji ya ja baya. Nijar dai ba ta bar burin tata madatsar ba. A 2008 shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin Kandaji a jahar Tilaberi, aikin ya tsaya, aka sake ɗaukarsa a 2019, kuma har yanzu ana jiran wutarsa.

Kai ɗan kasuwa, abin da ya biyo baya ba sai na ba ka labari ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, a watan Agusta kuma Najeriya ta katse layin. Mu kanmu a nan tasha da janareto muka riƙa fitar da shirye-shirye, wata rana sai mun rage sa'o'i kafin mai ya kai mu dare. Ƙanƙara ta yi tsada, nonon da aka saba ajiyewa a firji ya riƙa lalacewa, masu walda da masu injin markaɗe suka zauna hannu rabbana. A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, wuta ta dawo. Amma kowa ya gane cewa wutar da makunninta ke ɗakin maƙwabci aro ce, komai ƙarfin zumunci. Ga shi kuma ko a lokacin lafiya, kusan mutum 1 ne cikin 5 a Nijar ke da wuta a gidansa, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Daga nan fushin Alhaji ya taso, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Anu Araren: shekara 40 da ƴan kai na ƙona kwal

Ƙona kwal ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kwal, ko gawayin ƙasa, baƙin dutse ne da ake haƙowa, asalinsa itatuwa da tsirrai ne da ƙasa ta danne tun miliyoyin shekaru. A tashar wuta ana ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya injin, injin ya ba da lantarki. Kwal da ruwa da iska ke shiga, wuta da hayaƙi da toka ke fita. To Baffa, ga amsar tambayarku ta farko: injin yana shan ruwa.

Masu binciken uranium na Faransa ne suka ci karo da kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin a arewacin Agadas, a shekarun 1960. A 1971 kamfanin Somair ya fara fitar da uranium a Arlit, a 1978 Cominak ya biyo baya a Akokan. Waɗannan ma'adinai suna cin wuta da yawa, man da za a kunna injinansu kuwa daga bakin teku ake jawo shi a mota, ga shi farashin mai a duniya ya yi tashin gwauron zabi daga 1973. Sai gwamnatin Seyni Kunce ta kafa kamfanin Sonichar a 1975. Injin farko ya tashi a 1981, na biyu ya biyo shi shekara guda bayan haka. Kowanne yana da ƙarfin megawat 18.8, jimla 37.6 ke nan. In kana son ka gane megawat, guda ɗaya yana iya kunna ƙananan ƙwayayen fitila na zamani har dubu 100 a lokaci guda.

Mu faɗi alherin, domin akwai shi. Tashar ta yi fiye da shekara 40 tana aiki a tsakiyar hamada, ƴan ƙasa ke tafiyar da ita. Ta ba ɗaruruwan mutane aikin yi, garin Cirozerin ya bunƙasa a gefenta, Agadas da Arlit suka samu wutar da ba ta dogara da wata ƙasa ba. Lokacin da kudu ta shiga duhu a 2023, katsewar layin Najeriya ba ta taɓa wutar arewa ba.

Mu faɗi ɗaya gefen kuma. Don ma'adinai aka gina tashar, saboda haka shekara da shekaru kaso mafi girma na wutarta can yake tafiya, a kan dogayen turaku. Makiyayin da ya kafa zango a ƙarƙashin layin, inuwar waya kawai yake samu. Ramin haƙar a buɗe yake, yana faɗaɗa kowace shekara. Kwal ɗin wurin mai yawan toka ne, tokar kuwa ba ta da inda za ta je sai a tara ta tsibi. Ruwan tashar daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi ake jawo shi, a ƙasar da kowace rijiya ke da suna da masu ita. Da Cominak ya rufe a ƙarshen Maris 2021, tashar ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarta. Abin da Anu Araren ke koya mana a fili yake: tasha tana yi wa wanda aka gina ta dominsa hidima. In ba a rubuta sunan ƙauyenku da rijiyarku a cikin tsarin farko ba, samun shiga daga baya sai an sha wuya.

Tubalin da ke jira a Salkadamna

Salkadamna tana arewa maso yammacin Tawa, tafiyar kusan kilomita 80. Bincike ya nuna akwai kwal na miliyoyin tan a ƙarƙashin ƙasarta. A watan Yuni na 2014 shugaba Mahamadu Isufu ya je ya aza tubalin babban aiki tare da wani kamfanin Amurka: mahaƙar kwal, da tasha mai ƙarfin megawat 600, da layukan da za su kai wutar kudu, da masana'antar dunƙula gawayin girki. Ka auna da kanka, 600 ya ninka Anu Araren kusan sau 16.

Tubalin ya zauna, aiki bai tashi ba, domin kuɗin bai samu ba. A tsakanin nan kuma masu ba da bashi suka fara juya wa kwal baya saboda ɗumamar yanayi. A 2019 shugaban Bankin Raya Afirka, Akinwumi Adesina, ya ce bankin zai fita daga harkar kwal. A 2021 shugaban Cana, Xi Jinping, ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ƙasarsa ba za ta ƙara gina sababbin tashoshin kwal a ƙetare ba. Nijar ta bi wasu hanyoyin. A 2017 aka buɗe tashar Goru Banda a bakin Yamai, mai aiki da mai. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta megawat 7 a Malbaza, a 2023 kuma wata ta megawat 30 a Goru Banda. Duk da haka wuta ba ta wadata ba, shi ya sa bayan duhun 2023 hukumomi suka sake tado da maganar Salkadamna, da hujjar cewa ƙasa ta tsaya da ƙafarta.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Jinkirin nan na fiye da shekara 10 ya ɓata wa ƴan kasuwa rai, amma ya bar wa makiyayi wata dama: bututun hayaƙi bai tashi ba tukuna, magana tana iya shiga.

Ga inda hatsarin yake a gare ka, makiyayi. Yankin nan wuri ne da noma ke ƙarewa, kiwo ke farawa. Da damina garkuna suna haurawa arewa zuwa Azawak, wasu har Ingal wajen lasar gishiri, bayan girbi su gangaro kudu. Filin da kake amfani da shi wata uku a shekara, in masu awo suka zo a sauran wata taran, ba za su tarar da kowa ba. Manomi yana da kunya da iyakar gona da zai nuna, mai gida yana da katanga. Kai kuwa shaidarka kashin shanu ne da sawun da iska ta share. Sai a rubuta a takarda cewa fili ne da ba kowa, kuma takardar nan ita za a ɗauka ranar biyan diyya.

Abin da ke fita ta bututu, da abin da ke shiga ta rijiya

Hayaƙin kwal ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙurar toka, wadda mafi hatsarinta ita ce wadda ido ba ya gani, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30. Ita ce ke wuce hanci ta sauka can cikin huhu, ta tayar da fuka da tari, ta wahalar da zuciya, musamman ga yara da tsofaffi. Akwai iskar farar wuta mai kama maƙogwaro da ido. Akwai kuma zaiba da wasu ƙarafa masu guba, kaɗan-kaɗan, waɗanda ke sauka a ƙasa da ruwa su taru a hankali.

Akwai maganin wannan, amma da kuɗi. Matatar ƙura ta zamani tana iya kama fiye da kashi 99 cikin 100 na tokar kafin ta fita, muddin ana gyara ta a kan lokaci. Na'urar wanke iskar farar wuta daban take, tana da tsada, kuma ita ma ruwa take sha. Irin waɗannan na'urori ne ake fara zaftarewa in kuɗin gini ya gaza, domin tasha tana ba da wuta ko babu su.

Sai iska, wadda ka fi duk wani injiniya saninta. Da hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta kwashi abin da ta tarar ta yi kudu maso yamma da shi, wajen garuruwa da gonaki. Da damina sai ta juya ta yi arewa, daidai lokacin da dabbobi ke can. Tsibin toka ma haka: in ba a rufe shi ba iska ta ɗauka, in ruwan sama ya wanke shi kuma a tabki zai sauka, inda garke ke sha.

Maganar ruwa kuwa ta rataya ne a kan yadda za a sanyaya injin. In da ruwa ne, tasha tana shan mai yawan gaske dare da rana, yawancinsa ya tafi sama a tururi. In da iska ne, da manyan fankoki, ruwan da take buƙata ya ragu ƙwarai, sai dai ginin ya fi tsada, kuma ƙarfinta yana raguwa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da aka fi neman wuta. Baffa, wannan ita ce tambayar da za ku riƙe: da me za a sanyaya, kuma daga wane zurfi za a jawo ruwan?

Kada mu manta da hujjar Alhaji. Ka shiga kasuwa ranar da aka ɗauke wuta ka ji warin janareto ɗari suna aiki a daidai hancin mutane. Kowa a cikinmu ya taɓa jin labarin iyalin da suka kwana da janareto a ɗaki, gari ya waye ba su tashi ba. Rashin wuta ma yana da nasa hayaƙin, kuma talaka ke shaƙarsa.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan gardama

Ba mu ne farkon waɗanda aka kawo wa irin wannan tasha ƙofar gida ba. Bari in kai ka wurare biyu a nahiyar nan, ka kwatanta da kanka.

Na farko Barnyi ne, garin masunta a Sanagal, kimanin kilomita 30 daga Dakar. An shirya gina tashar kwal ta Sendu a can, mai megawat 125, da bashin Bankin Raya Afirka. Filin da aka zaɓa yana jingine da wurin da mata kusan dubu ɗaya ke busar da kifi da ƙyafe shi, kuma ya haɗa da filayen da aka yi wa iyalan da teku ta cinye wa gidaje alkawari. Mutanen gari sun yi ta magana, amma ƙorafinsu a rubuce ya isa ofishin sauraron koke na bankin ne a 2016, lokacin da gini ya riga ya yi nisa. Tashar ta fara aiki a ƙarshen 2018, a 2019 ta tsaya saboda matsalolin inji da na kuɗi, daga baya gwamnati ta ce za a mayar da ita mai aiki da gas. Fili dai ya riga ya tafi.

Na biyu Lamu ne, a gaɓar tekun Kenya, inda aka shirya tasha mai megawat 1,050. A can masunta da manoma da ƙungiyoyin gari sun haɗu a ƙarƙashin Save Lamu tun kafin a fara gini. Suka nemi takardar binciken illar aikin ga muhalli, suka karanta, suka kai ƙara. A ranar 26 ga Yuni 2019 kotun muhalli ta ƙasar ta soke lasisin, ta ce ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba, kuma binciken bai cika ba. Ba a gina tashar ba.

Ban kawo maka waɗannan don in ce a ƙi Salkadamna ba. Halin Kenya daban, namu daban, su suna da wutar da ta fi tamu yawa. Abin lura shi ne lokaci da takarda. Mutanen Lamu sun yi magana kafin a zuba siminti, kuma a rubuce. Mutanen Barnyi ba su fi su ƙarancin gaskiya ba, sai dai takardarsu ta isa bayan an kafa ƙarfe.

Wutar da ba a ɓarnatar ba

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ba a cika faɗa ba, domin ba a aza masa tubali, ba a yanka masa ƙyalle. A 2007 ruwan madatsar Akosombo a Gana ya ja baya, ƙasar ta shiga rabon wuta. Gwamnati ta sayo ƙwayayen fitila masu tsimin wuta miliyan 6, ta raba kyauta, ta karɓe tsofaffin masu zafi. Da aka yi lissafi, buƙatar wuta a lokacin da aka fi kunna ta ta ragu da megawat 124. Ka duba wannan adadi da kyau. Kusan daidai yake da ƙarfin tashar Sendu, ya kuma ninka Anu Araren fiye da sau uku, ba a haƙa rami ba, ba a taɓa rijiyar kowa ba. Daga 2013 kuma Gana ta hana shigo da tsofaffin firji, saboda yawan wutar da suke zuƙa.

Kai ɗan kasuwa, nan hannunka yake. Kai ke zaɓen ƙwan fitilar da zai tsallako iyaka, da fanka, da firjin da za a jera a shago. Tsohon firji na hannu yana da arha ranar saye, amma mai shi zai yi ta biyan bambancin a kuɗin wuta ko na mai har ya mutu. In kana da ƙanƙara, robar ƙofar firjinka da ta saki tana cin kuɗinka fiye da yadda kake zato. Tsimi ba zai kunna masana'antar siminti ba, hasken rana ma yana faɗuwa da magariba in ba batir, saboda haka ana buƙatar sababbin tashoshi. Amma girman tashar da za a gina, da yawan ruwan da za ta sha, sun danganta da yawan wutar da muke zubarwa a banza.

Haka nan hayaƙin da ya fi kusa da mu yana cikin madafa. Mafi yawan gidajenmu da icce ake girki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kusan miliyan 3 a duniya kowace shekara, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Kowace motar icce da ta shiga birni, gawo ne da bagaruwa suka ragu a daji, kai kuwa makiyayi ka san abin da ƴaƴan gawo ke yi wa garke a ƙarshen rani. Murhu mai tsimin icce, da gas ɗin da matatar Soraz ta Damagaram ke fitarwa tun 2011, da gawayin ƙasa da aka sarrafa don girki, duk suna rage wa daji nauyi. Shi ya sa ya kamata a bi alkawarin masana'antar gawayin girki ta Salkadamna da ido, kada ya zama shi ne abin da za a manta. Gawayi kowane iri ne kuma, a waje ake hura shi, ba a cikin ɗaki a rufe ba.

Abin da doka ta ba ka, da abin da za ka tambaya

Ba hannu wofi za ka je taro ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin makiyayi a yankin da ya saba komawa, inda rijiyarsa da zangonsa suke. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma in za a karɓi irin wannan wuri don amfanin jama'a, sai an biya diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Dokar 2018 kan binciken muhalli ta wajabta a auna illar babban aiki, a kuma ji ta bakin mutanen wurin. Kwamitocin filaye, waɗanda aka fi sani da COFO, suna nan a gundumomi da ƙananan hukumomi, kuma makiyaya suna da kujera a cikinsu. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, wadda aka kafa tun 1990, sun san hanyar waɗannan ofisoshi. Abin da ya rage shi ne a je a rubuta burtali da mashaya da makiyaya tun yanzu, kafin masu awo su iso.

In aka kira taron jin ra'ayi, ga tambayoyin da muka tsamo daga wannan tarihi. A wane wata za a yi taron, lokacin da makiyaya ke nan ko bayan sun tafi? Da wane harshe, akwai Fulatanci da Tamashek da Hausa, ko Faransanci kaɗai? Ruwa nawa tashar za ta sha a rana, daga ina, kuma wa zai riƙa auna zurfin rijiyoyin da ke kewaye? Wace matata za a saka wa bututu, wa zai duba tana aiki, a ina za a liƙa sakamakon awon iska kowa ya gani? Ina za a tara toka, yaya nisanta da tabki? In ramin ya yanke burtali, ta ina garke zai bi? Ƙauyuka nawa na kewaye za a ba wuta, a rubuce, da sunayensu? Kai ma ɗan kasuwa kana da taka: nawa za a sayar da wutar, kuma layin zai iso kasuwarku ko zai wuce ta sama?

Alhaji, tambayoyin nan ba su za su hana ku wuta ba. Abin da ya tsayar da Salkadamna tun 2014 rashin kuɗi ne, ba bakin makiyayi ba, kuma tashar da aka gina cikin rigima da maƙwabtanta ba ta cika zama lafiya ba. Baffa, ku kuma kada ku jira a zo a same ku a ruga. Ku tura ɗaya daga cikin yaranku da ya yi boko ya je kwamitin filaye ya tambayi ko mashayarku tana cikin littafi.

A shirin Laraba mai zuwa za mu buɗe layi ga mata masu sayar da nono da masu girkin sayarwa, mu ji nawa icce da gas ke ci musu a mako. Wanda yake da labarin rijiyar da ta ja baya, ko burtalin da wani aiki ya toshe, ya aiko mana da saƙon murya, ya faɗi yankin ba sai ya faɗi sunansa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare dukiya da masu ita, ya kai matafiya gida lafiya.